Abin da Direba Ya Gani a Madubin Mai Aski

"Zama ɗaya," Baba ya ce, yana nuna 'yarsa Auta da yatsa. "Ɗaya tak! Zan je in zauna a wannan teburin naku in gani da idona. In na kama saurayin nan naki da ha'inci, komai ƙanƙantarsa, maganar aure ta mutu. Kin yarda?"

Auta ta dube shi. "In ba ka kama shi ba fa, Baba?"

"Ya turo manyansa."

"Na yarda."

"Ɗaga murya, uwarki ta ji."

"Na yarda! Na yarda, Baba!"

Mama ba ta ko ɗago kai ba. Tana zaune gefen ƙafar keken ɗinkin nan da ke kusurwar falo, tana goge kofuna. Ƙafar ce kawai, baƙin ƙarfe da feda, babu kai. Tun kafin a haifi Auta aka ce ɓarawo ya shigo da rana tsaka ya kwance kan ya tafi da shi. Sai aka ɗora katako a wurin, ya zama ma'ajiyar flas da rediyo.

"Ni dai kada a kira ni rabon faɗa," Mama ta ce. "Zuciyarku iri ɗaya ce, kai da 'yarka."

Rigimar ta taso ne daga wani ɗan abu da bai fi kan babban yatsa ba. Daga jakar Auta ya faɗo, ya gangara har gaban takalmin Baba. Ɗan lido ne, amma ba irin wanda aka sani ba, shuɗi ne mai fuska ashirin. Baba, wanda ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota, ya ɗauka ya juya shi, nan take fuskarsa ta canza.

"Caca? A gidana?"

Babu irin bayanin da Auta ba ta yi ba. Ba a sa ko sisi. Labari ne kawai. Duk ranar Lahadi Mai Aski yana rufe shagonsa da rana, mutum biyar ko shida su kewaye tebur, kowa ya zama wani mutum a cikin kumbon da ke yawo tsakanin taurari. Mutum ɗaya ne ke jan labarin, ɗan lidon kuma shi ke yanke ko abin da ka gwada ya yiwu ko bai yiwu ba.

Mai jan labarin shi ne Dogo, mai haɗa wutar sola, wanda ya yi wata takwas yana durƙusa wa Baba a ƙofar gida.

"Na san masu jefa wannan abin," Baba ya ce a ranar. "Hannun da ya iya jefa shi, bakinsa ya iya ƙarya. Ba labari aka ba ni ba."

Da aka ƙulla yarjejeniyar, Auta ta shige ɗaki ta kira Dogo.

"Ka saurare ni da kyau. Kada ka canza komai. Yadda ka saba, haka za ka yi."

"Hasken idona, mahaifinki ne fa... in na ɗaga ido na gan shi, wallahi gwiwata ruwa take yi."

"To ta yi ruwan, ai a zaune kake jan labari. Ka yi min alkawari."

"Na yi, zuciyata."

Ranar Lahadi shagon yana ƙamshin hoda da sabulun aski. An tura kujerun aski jikin bango, an shimfiɗa taswirar taurari a kan tebur. A gaban Dogo akwai kwali a tsaye, wanda yake jefa nasa ɗan lidon a bayansa don kada 'yan wasa su san abin da ke tafe. Babban madubin da ke bayansa an lulluɓe shi da mayafin aski, kamar kullum.

Mai Aski, wanda shi ne kyaftin ɗin kumbon, ya jawo kujera mai laushi. "Bismillah, Baba, ga wuri."

"Bar shi. Direba ba ya zama inda aka zaɓa masa." Ya ja benci ya zauna ta gefen ƙofa, ya ƙare wa shagon kallo tun daga rufi har ƙasa.

Ba shi kaɗai ne baƙo ba. Nas, ƙawar Auta mai aikin asibiti, ta zo da wani ɗan'uwanta Lauya, ya sha kwat a wannan zafin, riƙe da takardu uku da ya bugo.

"Dokar teburinmu," Dogo ya fara, "duk sabon zuwa zai amsa tambaya uku. Wane ne kai a waje? Wane ne kai a cikin kumbo? Sannan me ka baro a duniyarku da ba ka so ya biyo ka?"

Lauya ya miƙe tsaye, ya gyara kwat. "A waje ni lauya ne. A ciki kuwa, ni ne yarima na goma sha ɗaya na duniya mai rana biyu, magajin rundunar..."

Ya yi shafi ɗaya. Ya juya na biyu.

"Dakata, ɗana," Baba ya katse shi. "Duk wannan sarautar, me ya haɗa ka da motar haya?"

Nas ta kwashe da dariya har da buga tebur. Lauya ya zauna yana naɗe takardunsa.

"Saura kai, Baba," in ji Dogo.

"A waje direba ne, na ajiye. Ni na haifi waccan mai taurin kan. A ciki kuma... wannan kumbon naku yana da inji?"

"Yana da shi, Baba."

"To ni ne makaniki. Ba na son sarauta."

"Me makanikin ya baro a duniyarsu?"

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki ɗan lidon Auta. Bai ma san yana yi ba, abin ya fara tafiya a bayan yatsunsa, daga wannan zuwa wancan, ya dawo, kamar mai rai. Auta ta zuba wa hannun ido. Ba ta taɓa ganin haka ba.

Niyyarsa ya jefa wa Dogo magana ne. Amma mai fushi ba ya auna nisan bakinsa.

"Mace ya baro. Ubanta ya ba ta keken ɗinki da za ta yi aure, shi ne duk abin da ta mallaka. Shi kuma yana da ciwon jefa irin wannan abin a tasha. Wata rana ya jefa, ya jefa, har ba abin da ya rage masa. Ya dawo gida ta tafi awo asibiti, ya sa sifana ya kwance kan keken. Da ta dawo ya ce ɓarawo ne." Ya dire ɗan lidon a gaban Dogo. "Ka ji irin mutanen da ke jefa shi."

"Kai, Baba!" Nas ta tafa. "Wallahi ka iya ƙirƙira! Lauya, ka ji yadda ake yi, ba shafi uku ba."

Auta ba ta tafa ba. Flas da rediyon falonsu take gani a ranta, a kan baƙin ƙarfe.

Aka shiga labari. Kumbon ya taso daga wata tashar sama da kayan magani, injinsa ya fara tari. Kafin rabin awa Baba ya manta da abin da ya kawo shi.

"Wane irin tari? Yana yi yana tsayawa, ko a jere?"

"Yana yi yana tsayawa, Baba."

"To ba mai ba ne, iska yake sha ta wani wuri. Kyaftin, rage wuta! Na ce ka rage wuta, so kake ka kashe mu?"

"An rage, makaniki!" in ji Mai Aski, yana sara masa.

Sai aka gano huda a jikin kumbon ta waje. Dole wani ya ɗaura igiya ya fita ya liƙe, ga duwatsu na ta wucewa kamar ruwan sama. Aka dubi Lauya.

"Yarima ba ya walda," ya ce.

"Na sani," Baba ya ce. "Ku ɗaura min igiyar."

Dogo ya goge zufa. "Ka fita, Baba. Ka liƙe hudar. Kana juyowa sai ga wani dutse ya nufo ka. Zan jefa. In ya fito ƙasa da biyar, ya same ka, igiya ta tsinke."

Ya jefa a bayan kwali. Aka ji ƙarar abin a kan katako, sannan shiru.

Dogo ya duba ƙasa. Ya dubi Baba. Ya dubi Auta.

"Sha bakwai," ya ce. "Ya wuce ta gefen kunnenka. Ka tsira."

Shagon ya kaure da ihu. Mai Aski har da rungume Lauya. Baba kaɗai bai motsa ba.

"Nawa ka ce?"

Hannun Dogo yana nan kusa da abin. Ɗan taɓi kaɗan da ƙaramin yatsa ya isa ya juya shi, ba wanda zai sani. Ya janye hannun ya ɗora a cinyarsa.

"Biyu ne, Baba. Ƙarya na yi."

Baba ya nuna bango da haɓa. Can gefe, a jikin ƙusa, ɗan madubin hannu ne a rataye, wanda Mai Aski ke nuna wa mutane ƙeyarsu da shi. Ba wanda ya taɓa tunanin rufe shi, ga shi ta cikinsa ana hango bayan kwalin.

"Shekara arba'in ina tuƙi da ido ɗaya a madubi," Baba ya ce, ya miƙe. "Ni za ka yi wa wayo? Ni? Ka ga tsoho, ka ce bari in lallaɓa shi kamar jariri, in samu 'yarsa! Yau ka yi min ƙarya don in ji daɗi. Gobe ita za ka yi wa don ta yi shiru!"

"Baba, ban so in kashe ka a zamanka na farko ba ne..."

"Ni fa?"

Kowa ya juya. Auta ce a tsaye, idonta jajir.

"Ni fa, Dogo? Ranar da na fara zuwa nan, minti ashirin na yi ka kashe ni! Na yi kwana uku ina rubuta matuƙiyar da zan zama a kumbo, ka jefa, ka dube ni cikin ido ka ce ta mutu. Na koma gida ina zaginka a zuciya... amma ranar na ce wannan mutumin ba ya duba fuskar kowa. Abin da na so ke nan! Shi kaɗai na gaya wa Baba a kanka!"

"Abar ƙaunata, tsoro ne ya..."

"Kada ka kira ni haka! Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya!"

Ta bar shuɗin ɗan lidon a kan taswira, ta fice. Baba ya bi bayanta yana gyara hula, kamar wanda ya ci shari'a.

Kwana uku gidan kamar an yi mutuwa. Dogo ya kira har wayar ta gaji, ba ta ɗauka ba. Ta yi alkawari, ba za ta karya ba. Amma shi ma Baban sai dai ta dire masa abinci ta juya, ba sannu, ba a ci lafiya. In ta zo wucewa ta falo kuwa, sai ta tsaya tana kallon ƙafar keken nan har Mama ta ce, "Ke, lafiyarki?"

Ranar Laraba da yamma aka yi sallama. Dogo ne, da kayan aiki a jikinsa, wayar wuta a naɗe a kafaɗa. Auta ta laɓe bayan labule.

"Me ka zo yi?" Baba ya daka masa tsawa daga bakin ƙofa.

Dogo ya durƙusa, ya miƙa takarda da hannu biyu. "Ta'aziyya na kawo, Baba. Makanikinka ya mutu. Ga takardar da na rubuta bayaninsa a teburi."

"Raina ni ka zo yi har gida?"

"A'a, Baba. Abin da na hana ka na kawo maka. Biyu ya fito, dutsen ya same shi, igiya ta tsinke. Amma ya riga ya liƙe hudar. Mutum huɗu sun isa gida da maganin saboda shi. Haka ya kamata in faɗa ranar, tsoronka ya hana ni." Ya miƙe. "Ban zo roƙon komai ba. Kun yi yarjejeniya, ni na jawo ta faɗi. Ka gaya mata ta yi gaskiya."

Ya juya ya tafi, bai ko leƙa cikin gidan ba.

Baba ya shigo falo yana huci, takardar a hannunsa. Ya tarar da Auta na share hawaye da bakin mayafi.

"Kukan me? Ba ke kika ce kin yarda ba? Na gaya miki maƙaryaci ne, ga shi ya amsa da bakinsa!"

"Eh, ya amsa!" Muryarta ta fashe. "Sau ɗaya ka tambaye shi ya amsa! Ƙaryarsa ko minti ɗaya ba ta yi ba. Wani kuwa..."

Idonta ya kai kusurwa. Ta ga Mama zaune a wurin, sai ta cije leɓe.

"Ƙarasa mana," Mama ta ce a hankali. "Wani kuwa shekara talatin da ɗaya. A ina kika ji?"

Auta ta sunkuyar da kai. "A teburin shagon aski ya faɗa, Mama, gaban su Nas da Lauya. Ya ce makaniki ne."

Mama ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin madara, ta zazzage shi a kan katakon. Noti huɗu suka zubo, sun yi tsatsa.

"Direba," ta ce. Ba ta kiransa haka sai ranta ya kai ƙarshe. "Wane ɓarawo ne zai kwance noti huɗu, ya jera su a bakin taga daga babba zuwa ƙarami, yadda kake jera su in kana canza taya? Tun ranar na sani. Da cikin yayan wannan na tsaya a nan ina kallonsu."

Baba ya zuba wa notin ido.

"Na ce bari in jira, zai faɗa. Kullum ina ɗora maka shayi a kan gawar kekena, ina cewa yau zai faɗa. Ka daina cacar, na gode wa Allah, na ce to yanzu zai faɗa. Muka aurar da uku! Ashe faɗar tana nan, a shagon aski za a yi ta, gaban lauya da nas! Ni ce ban isa in ji ba!"

"Ki saurara..."

"Ba zan saurara ba! Yaron nan ya yi ƙarya don ya ceci wuyanka, kai ka yi don ka ceci naka. Shi ya tako har gida ya durƙusa. Kai gidan kake kwana, taku nawa ne daga gadonka zuwa nan? Sannan kai ne alƙalin masu gaskiya! Wallahi in ka kashe wa yarinyar nan aure a kan wannan, ni da kai sai dai kallo."

Ta kwashe notinta ta koma ɗaki, ta bugo ƙofa har rediyon ya girgiza.

Baba ya daɗe a tsaye. Can ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba, ya buɗe takardar makanikin yana kallo, shi da karatun boko bai dame shi ba.

"Me ya rubuta a nan ƙasa?" ya tambaya, ba tare da ya dubi Auta ba.

Ta karɓa. "Ya ce... ya liƙe hudar kafin ya tafi."

Ranar Lahadi ana shirin farawa, ba wanda ke da walwala, sai ga Baba ya turo ƙofar shagon, Auta na bayansa. Ya zagaya ya ɗauke kwalin gaban Dogo, ya ninke shi biyu, ya ɗora a benci ya zauna a kai.

"Makaniki ya mutu," ya ce. "Ba ni sabuwar takarda. Yi min tambayoyinka."

Dogo ya dubi Auta. Ta harare shi, amma ta jawo kujerarta.

"Wane ne kai a waje, Baba?"

"Tsohon direba. Ni na sace kan keken matata, ba makaniki ba. Nas, daina zare ido, ba ƙirƙira ba ce."

"A... a cikin kumbo fa?"

"Mai shara. In ga ko yarima zai ɗaga min ƙafa."

"Me ka baro da ba ka so ya biyo ka?"

"Ya riga ya biyo ni, ya same ni har falo." Ya tura wa Dogo shuɗin ɗan lidon. "Jefa a fili, kowa ya gani. Ka gaya wa manyanka ina gida ranar Asabar. Amma ka ji da kyau, in ka sake lallaɓa ni, ko ita, sai na ɓalla wannan dogon wuyan naka."

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. "Zuciyata..." ya fara, a hankali.

"Ban huce ba tukuna," Auta ta ce. "Ja labari."

Washegari Baba ya shigo gida da kan keken ɗinki da ya sayo a kafaɗa, yana haki. Ya sauke flas da rediyo da kansa, ya cire katakon. Mama ta fito da gwangwaninta. Notin nan huɗu suka hau daram.

Ta zauna, ta ɗora ƙafa a feda, ta lashi bakin zare. Ta kai shi ga allura, ya wuce. Ta sake, ya wuce. Ta matso da fuska har hancinta na taɓa ƙarfen. Sau biyar tana gwadawa.

"Idon ya tafi, Direba," ta ce, ta ajiye zaren.

Auta ta durƙusa ta zura mata, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

To, in ana maganar wa ya ci wa ya faɗi, Dogo ya rasa kwali ya samu mata. Auta ta faɗi a yarjejeniya ta tashi da miji. Baba shi ya ci yarjejeniyar, cin da ya tone masa asirin da ya fi tsoro a duniya, kuma tun daga ranar ya fi samun barci. Wadda ta yi asara ita ce wadda ba ta taɓa jefa komai ba, ta ce ma kada a sa ta a ciki. An dawo mata da kekenta, shekara talatin da ɗayan ne ba wanda ya san inda ake sayo su.